Hasse Alfredson, Sarkin Barkwanci Na Ƙasar Suwidin

Ƙasar Suwidin, wadda ke can ƙuryar arewacin Turai, ta yi suna wajen ƙera motoci da sarrafa ƙarfe da katako, da kuma kyautar nan ta Nobel da akan raba kowace shekara. Ba safai akan ambace ta ba idan ana zancen raha, don kuwa an ɗauki mutanenta a kan masu kamun kai ne, marasa yawan magana. Amma duk da haka ƙasar ta yi wani mutum wanda ya yi kimanin shekara ashirin yana hawa dandamali ba takarda a hannunsa, ba kuwa wata magana da ya haddace, ya sa ɗaruruwan mutane su yi ta dariya har da hawaye. Ainihin sunansa Hans Alfredson, amma babba da yaro Hasse suke kiransa, kamar wani ɗan gidansu. Ya rasu ran 10 ga watan Satumba na 2017, yana da shekara 86 a duniya.

A kira shi mai barkwanci kawai, an tauye masa hakki. Ya rubuta littattafai na manya da na yara, ya tsara waƙoƙi, ya fito a fina-finan wasu, ya shirya nasa na kansa, har ma ya taɓa riƙe shugabancin wani babban gidan tarihi. Abin mamaki kuma, aikin da aka fi girmama shi da shi a yau labari ne na zalunci da kisan kai, wanda shi da kansa ya fito a cikinsa a matsayin azzalumin.

ƘURUCIYA A BAKIN TEKU

An haife shi ran 28 ga watan Yuni na 1931 a birnin Malmö, cikin lardin Skåne da ke ƙarshen kudancin ƙasar, amma a garin Helsingborg ya tashi. Shi wannan gari yana bakin wani siririn mashigin teku ne, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 4 ba, har mutum yakan tsaya a gaɓa ya hango gine-ginen garin Helsingør na ƙasar Danmak. Ran 9 ga watan Afrilu na 1940 sojojin Hitler suka mamaye Danmak. A lokacin Hasse yana ɗan shekara takwas, watau yaƙin duniya ya zo har inda ido ke iya gani daga garinsu, ya tsaya.

Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce. Amma zaman lafiyar nan ba a banza ta same shi ba. Daga 1940 zuwa 1943 Gwamnati ta yarda jiragen ƙasa ɗauke da sojojin Jamus su riƙa ratsa ƙasar zuwa Norway da komowa, kuma tama ta ci gaba da tafiya masana'antun Jamus. A ɗaya gefen kuwa, cikin watan Oktoba na 1943, Yahudawan Danmak wajen 7,000 suka tsallako mashigin nan cikin kwale-kwalen masunta, Suwidin ta karɓe su. Wannan hali na ƙasarsa, na tsira da rai ta hanyar sunkuyar da kai, bai bar zuciyar Hasse ba. Fiye da shekara hamsin bayan haka, cikin 1996, ya fitar da wani littafin ƙagaggen labari mai suna Attentatet i Pålsjö skog, inda ya ƙaddara cewa wasu 'yan gurguzu sun tayar da bam a ƙarƙashin wani jirgin Jamus a dajin da ke gefen Helsingborg, Hitler ya fusata ya mamaye Suwidin. Tambayar da littafin ke yi wa mutanen ƙasar ita ce, in da abin ya zo kansu, su nawa ne za su tsaya, su nawa ne kuma za su yi wa baƙin fadanci.

Bayan ya gama makarantar sakandare sai ya shiga Jami'ar Lund, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in ƙasar. A can ɗalibai suna da wata daɗaɗɗiyar al'ada ta wasan kwaikwayo da suke kira spex, inda akan ɗauko sarakuna da jarumawan tarihi a yi musu ba'a cikin waƙa da wasa da kalmomi, kuma bisa al'ada maza ne ke fitowa har a matsayin mata. A wannan fage ne Hasse ya fara gane cewa harshensa ya fi na sauran mutane sauri. Cikin 1956 ya sami digirinsa, ya nufi Sitokholm, babban birnin ƙasar, ya kama aiki a gidan rediyo.

HAƊUWA DA TAGE

A gidan rediyon ne ya gamu da Tage Danielsson, mutumin garin Linköping, wanda ya girme shi da shekara uku, ya kuma yi karatu a Jami'ar Uppsala. Halinsu ya sha bamban. Tage dogo ne siriri, mai natsuwa, mai auna kalma kafin ya ajiye ta a takarda. Hasse kuwa kakkaura ne mai zafin nama, wanda magana ke ɓuɓɓugo masa kamar idon ruwa. Ɗaya yana da abin da ɗayan ya rasa. Suka shekara kusan talatin suna aiki tare, har jama'a suka haɗe sunayensu suka mai da su kalma guda, Hasseåtage, watau Hasse-da-Tage.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a wancan zamani kamfani ɗaya tak ke da ikon watsa shirye-shirye a duk faɗin Suwidin, telebijin kuwa sai a 1956 aka buɗe shi sosai, kuma tasha ta biyu ba ta zo ba sai a 1969. Saboda haka duk wanda ya yi magana a rediyo da yamma, da ƙasa baki ɗaya yake magana. Daga 1958 su biyun tare da wasu abokan aikinsu suka fara wani shiri mai suna Mosebacke Monarki. Sun ƙago wata 'yar masarauta ce a kan wani tudu na cikin Sitokholm, mai gidan rediyonta da masu karanta labarunta, suna kwaikwayon muryar nan ta hukuma mai nauyi da isa, alhali kuwa abin da ake karantawa shirme ne tsagwaronsa.

Daga rediyo suka gangara dandamali. Mutanen Suwidin suna da wani irin wasa da suke kira revy, wanda ba labari guda ba ne, tarin gajerun wasanni ne da waƙoƙi da jawabin mutum ɗaya, duk a kan abubuwan da ke faruwa a ƙasa. Uban wannan sana'a a lokacin shi ne Karl Gerhard, dattijon da ya yi ƙaurin suna tun 1940, sa'ad da ya yi wata waƙa yana yi wa masu goyon bayan Nazi a cikin ƙasar zambo, ofishin jakadancin Jamus ya ji haushi, 'yan sanda suka hana rera ta. Abin da ya yi shi ne, in aka zo wurin waƙar, sai ya fito ya karanta wa 'yan kallo takardar hanin. Hasse da Tage sun yi wa wannan dattijo rubutu a wajejen 1960, kuma a wurinsa suka ga yadda raha ke iya zama makami.

Cikin 1961 suka kafa kamfaninsu, AB Svenska Ord, watau Kalmomin Suwidin. Shekara ta zagayo suka fitar da wasan da ya ɗaga su, Gröna Hund, ma'ana Koren Kare. Sunan ma kansa wasa da kalma ne, don kuwa a filin shaƙatawa na Gröna Lund aka yi shi, harafi ɗaya suka sauya. Daga nan kare ya bi su: Gula Hund a 1964, Svea Hund a 1976. Suka tara wa kansu zaratan 'yan wasa waɗanda suka daɗe tare da su, kamar mawaƙiyar nan Monica Zetterlund, da Gösta Ekman, da Lena Nyman, da Birgitta Andersson, da makaɗin fiyano Gunnar Svensson.

LINDEMAN

A cikin wasan 1962 ne aka haifi abin da ya sa sunan Hasse ya bambanta da na kowa, watau Lindeman. Ga yadda abin yake. Can wajen ƙarshen wasa sai mai tambaya ya fito, da farko Lasse O'Månsson, daga baya kuma Tage da kansa. Zai ɗauko wani batu, galibi daga jaridun ranar, ya gabatar da baƙonsa a kan cewa gwani ne a wannan fanni. Sai Hasse ya shigo, wani lokaci da wata hula ko gashin aro a kansa, ya fara amsa tambayoyi. Sunan ƙarshe na baƙon kullum Lindeman ne, amma sunan farko da sana'a sukan sauya. Na asali shi ne Valfrid Lindeman. Akwai Bob Lindeman mai koyar da ƙwallon ƙafa, akwai Trindeman Lindeman mawaƙin zamani mai tayar da ƙura, da wasu barkatai.

Babu rubutu, babu gwaji. Abin da ya faɗo masa a nan take shi zai faɗa, kuma gobe da dare wani batu ne daban da wani Lindeman daban. Duk wanda ya san sana'ar ban dariya ya san girman kasadar da ke cikin wannan. Mai barkwanci yakan shafe watanni yana goge magana guda, yana gwada ta a gaban mutane kaɗan, yana rage nan yana ƙara can, kafin ya yarda ya kai ta babban zaure. Shi kuwa Hasse ya ɗauki wurin da ya fi kowane tsada a cikin wasa, watau rufewa, inda 'yan kallo za su tashi da ɗanɗanon abin da suka ji, ya jingina shi a kan abin da ko shi kansa bai sani ba tukuna. Ba kowane dare ne abin ke yin armashi ba, haka sana'ar ta gāda. Amma an riƙa ɗaukar muryarsa, aka zaɓi waɗanda suka fi daɗi aka buga su a faya-fayan garmaho, suka shiga gidaje, har yara suka haddace su. Wani abin da ke ƙara wa faya-fayan nan gishiri shi ne akan ji Tage, wanda aikinsa shi ne ya daure fuska ya yi tambaya, dariya ta ci ƙarfinsa.

Dabararsa ba ta da wuyar bayyanawa, kwaikwayonta ne ke da wuya. Yakan kama kalma ɗaya daga bakin mai tambaya ya fahimce ta a baibai, sa'an nan ya bi wannan kuskure da cikakken hankali, hujja na bin hujja, har ya kai inda ba wanda ya zata. Yana da kunnen harsuna, yakan kwaikwayi karin maganar lardi-lardi, ya kuma zuba wani abu mai kama da Faransanci ko Rashanci wanda babu kalmar gaskiya a cikinsa. Amma abin da ya sa dariyar ta yi zurfi shi ne wanda ake yi wa ba'ar. Suwidin ta shekarun 1960 ƙasa ce ta masana da kwamitoci. Gwamnati ta ƙudura gina gidaje miliyan ɗaya cikin shekara goma daga 1965, aka rushe tsofaffin unguwanni bisa shawarar masu tsara birane. Ran 3 ga watan Satumba na 1967 aka mai da tuƙin mota daga hannun hagu zuwa na dama a dare ɗaya, ko da yake a ƙuri'ar da aka yi a 1955 mafi yawan jama'a sun ce ba su so. Kowace matsala tana da gwaninta wanda zai fito a telebijin ya yi bayani. Lindeman shi ne wannan gwani, mutumin da ba a taɓa yi masa tambayar da ya ce bai san amsarta ba.

Irin barkwancin nan na mutum ɗaya da makirufo, wanda aka aro daga Amurka, bai kafu a Suwidin ba sai a ƙarshen shekarun 1980. Waɗanda suka zo da shi sun tarar Hasse ya riga ya share fagen da shekara ashirin da 'yan kai.

A tsakiyar wannan tashe, cikin 1967, ɗaya daga cikin 'ya'yansa, yana ƙaramin yaro, ya rasu a wani haɗari. Ya koma bakin aiki, ya ci gaba da ba mutane dariya. A shekarun da suka biyo baya ne kuma aka fara ganinsa a fina-finan da ba na raha ba. Ingmar Bergman ya sa shi a Skammen cikin 1968, fim ne a kan yadda yaƙi ke lalata mutane. Jan Troell ya ba shi matsayin Jonas Petter a Utvandrarna na 1971, labarin talakawan Suwidin da yunwa da matsi suka kora Amurka a ƙarni na 19. Yaran ƙasar kuma sun san shi a matsayin Konrad, wani mai yawon talla, a ɗaya daga cikin fina-finan Pippi na Astrid Lindgren.

Cikin 1970 shi da Tage suka yi wani wasa da suka raɗa wa suna 88-öresrevyn. Öre shi ne kwabon ƙasar, ɗari ke yin krona ɗaya, watau wasan kwabo 88, mai araha. Ba tarin 'yan rawa, ba kayan ado masu tsada, su biyu ne da makaɗinsu a wani gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa.

DA SU DA GWAMNATI

Ba a fahimtar Hasse da Tage sai an fahimci jam'iyyar Social Democrat, wadda ta riƙe mulkin Suwidin daga 1932 zuwa 1976, in ban da 'yan watanni a 1936. Ita ce ta gina tsarin nan na kula da jama'a, fansho da asibiti da makaranta ga kowa. Su biyun zuciyarsu tana tare da 'yan ƙwadago, kuma ba su ɓoye ba. Saboda haka sukar da suka yi wa Gwamnati suka ce ta ɗan gida, wadda ta fi ta bare zafi.

Cikin watan Mayu na 1971 jama'ar Sitokholm suka yi artabu da 'yan sanda a lambun Kungsträdgården, don hana sare wasu manyan itatuwa da hukuma ta so kawarwa saboda ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Hukuma ta janye, itatuwan suka tsira. A ƙarshen wannan shekara kamfaninsu ya fitar da Äppelkriget, watau Yaƙin Tuffa, labarin wani attajiri baƙo da ya zo sayen ƙauye sukutum don ya gina filin shaƙatawa, shugabannin yankin suka ba shi hannu, talakawa kuwa suka tashi da taimakon aljanu da dodannin tatsuniyoyinsu. Tsohon mawaƙin ƙasar, Evert Taube, shi ya tsara waƙar fim ɗin, Änglamark, kuma sunan ya kama har daga baya kantunan ƙungiyar gama-kai suka sa wa kayan abincinsu na noman gargajiya.

Abubuwa suka ƙara tsami. Cikin 1973 'yan jarida biyu, Jan Guillou da Peter Bratt, suka tona asirin wata hukumar leƙen asiri mai suna IB, wadda ko Majalisar Dokoki ba ta san da ita sosai ba, tana tattara sunayen 'yan gurguzu da masu ra'ayin sauyi. Aka ɗaure 'yan jaridar. A farkon 1976 'yan sanda suka ɗauke Ingmar Bergman daga wurin gwajin wasa a kan zargin haraji wanda daga baya aka janye, ya yi fushi ya bar ƙasar. Astrid Lindgren kuma ta rubuta wata tatsuniya a jarida tana nuna cewa harajin da aka ɗora mata ya kai kashi 102 cikin ɗari. A wannan shekara ce aka yi Svea Hund, inda Monica Zetterlund ta rera wata waƙa mai sanyi, wadda ke tambayar inda mafarkin nan na gyara duniya ya shiga. Ba zagi a cikinta, baƙin cikin masoyi ne. Cikin watan Satumba jam'iyyar Olof Palme ta faɗi zaɓe bayan shekara 44, Thorbjörn Fälldin ya zama Firayim Minista. Waƙa ba ta kayar da Gwamnati, batun haraji da na nukiliya su suka yi aikin. Amma ita ce ta faɗi abin da ke zuciyar dubban magoya bayan jam'iyyar, kuma har yau in ana zancen wancan zamani akan tuna da ita.

Ran 28 ga watan Maris na 1979 aka yi haɗari a tashar lantarki mai aiki da ƙarfin nukiliya ta Three Mile Island, kusa da Harrisburg a Amurka. A wasansu na wannan shekara, Under dubbelgöken, Tage ya tsaya shi kaɗai ya yi jawabi a kan lissafin yiwuwar abu. Ya bi hujjar masana sannu a hankali har ya kai ga cewa, tun da yake sun tabbatar irin wannan haɗari da wuya ƙwarai ya faru, to, mai yiwuwa ne bai faru ba. Ran 23 ga watan Maris na 1980 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a kan nukiliya. Masu son a rufe tashoshin cikin shekara goma suka sami kashi 38.7, suka sha kaye da ƙyar a hannun masu son a yi abin sannu-sannu, waɗanda suka sami 39.1. Tashar Barsebäck da ke lardin su Hasse ba a gama rufe ta ba sai a 2005.

Ba duk aikinsu ne siyasa ba. Picassos äventyr na 1978 shirme ne zalla a kan rayuwar mai zanen nan Picasso, Gösta Ekman ya fito a matsayinsa, Hasse kuma ubansa. A ɗan ƙaramin garin Tomelilla aka ɗauki mafi yawansa, inda aka riƙa sauya wa wuri ɗaya fuska ya zama Faris yau, gobe Landan. Fim ɗin ya yi farin jini ƙwarai a ƙasar Hungari.

MUGUN MUTUM

Cikin 1980 Hasse ya wallafa wani littafi mai suna En ond man, watau Mugun Mutum. Daga wani sashe nasa ya shirya fim ɗin da ya fito a 1982, Den enfaldige mördaren, ma'ana Dolon Mai Kisan Kai. Waɗanda suka shiga silima da niyyar dariya sun fito jikinsu a sanyaye.

Labarin yana faruwa ne a karkarar Skåne cikin shekarun 1930. Akwai wani saurayi, Sven, wanda aka haifa da tsagaggen leɓe, maganarsa ba ta fita sosai, saboda haka kowa ya ɗauke shi wawa. Da uwarsa ta rasu sai ya faɗa hannun wani attajiri mai masana'anta, Höglund, wanda ya sa shi aiki ba lada, ya ba shi makwanci a wurin shanu. Sven ba wawa ba ne. Yana karanta Littafi Mai Tsarki, yana kuma ganin mala'iku suna zuwa masa. Wani talakan manomi, Andersson, ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki da albashi, 'yarsa Anna, wadda ke kan keken guragu, ta zama abokiyarsa, har ya tara kuɗi ya sayi babur. Höglund bai iya jure ganin abin da yake ɗauka dukiyarsa ya zama mutum ba. Ya bi duk hanyar da kuɗi da sanayya ke buɗewa har ya durƙusar da manomin, aka lalata babur ɗin. Daga nan Sven ya ɗauki makami ya nufi attajirin, mala'ikunsa na biye da shi, kiɗan jana'iza na Verdi na tashi.

Hasse ya ba wani matashin ɗan wasa, Stellan Skarsgård, matsayin Sven. Matsayin Höglund kuwa ya riƙe wa kansa. A nan ne hikimar take. Fuskar da mutanen ƙasar suka shekara ashirin suna so, da murmushin nan, da karin harshen Skåne mai daɗi, su ne ya ɗora wa azzalumin. Höglund mai fara'a ne, mai raha a cikin manyan gari, yana wulaƙanta na ƙasa da shi don abokan shansa su yi dariya. Watau mai sana'ar dariya ne ke nuna wa 'yan kallonsa irin dariyar da ake yi a kan wanda ba shi da mai tsaya masa.

Zamanin da labarin ya zaɓa ma ba a banza ba ne. A shekarun nan ne Suwidin ta kafa dokar da ta ba hukuma ikon yi wa waɗanda aka ɗauka masu raunin hankali aikin hana haihuwa. Daga 1935 zuwa 1975 an yi wa mutum wajen 63,000, mafi yawansu mata, da yawa kuma bisa tilas ko matsi. Fim ɗin bai ambaci dokar ba, kuma ƙasar ba ta fuskanci wannan tarihi sosai ba sai a 1997, sa'ad da jaridar Dagens Nyheter ta tayar da maganar, aka biya diyya daga 1999. Amma irin idon da aka kalli Sven da shi, shi ne idon da ya rubuta dokar.

A bikin fina-finai na Balin na 1982 Skarsgård ya sami kyautar gwarzon ɗan wasa, wadda ya raba da Michel Piccoli na Faransa, kuma daga nan tauraronsa ya fara haskawa har ya kai Amurka. A gida fim ɗin ya ci kyautar Guldbagge ta fim mafi kyau, Hasse ya ci ta mai shiryawa.

BAYAN TAGE

Wasansu na ƙarshe a dandamali shi ne Fröken Fleggmans mustasch na 1982. Tage ya shirya Ronja Rövardotter, daga littafin Astrid Lindgren, ya fito a 1984, yana fama da sankarar fata. Ya rasu ran 13 ga watan Oktoba na 1985 yana da shekara 57. Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, ran 28 ga watan Fabrairu na 1986, aka harbe Olof Palme a kan titin Sitokholm yana komawa gida daga silima.

Hasse ya rayu shekara 32 bayan abokinsa, amma bai sake samun wanda zai tsaya a gefensa kamar Tage ba. Ya shirya wasu fina-finai, sai dai Vargens tid na 1988 bai sami karɓuwa ba, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, ya janye daga shirya fim ya koma ga alƙalami. Daga 1992 zuwa 1994 ya shugabanci Skansen, gidan tarihin nan na fili da aka kafa a Sitokholm cikin 1891, inda aka tattaro tsofaffin gidaje da bukkoki daga kowane lardi. Barkwancin dai bai bar shi ba. Shi ya kawo shawarar cewa, tun da yake gina gunkin mutum sukutum yana da tsada, a riƙa ɗaukar siffar hancin mashahuran mutanen Lund kawai a ajiye. Aka kuwa yi, kuma tarin hancin yana nan a ginin ƙungiyar ɗalibai ta garin.

'Ya'yansa biyu sun gāji sana'ar. Tomas Alfredson shi ya shirya Låt den rätte komma in a 2008 da Tinker Tailor Soldier Spy a 2011. Daniel Alfredson kuwa ya shirya biyu daga cikin fina-finan da aka yi daga littattafan Stieg Larsson, kuma a na ukun, cikin 2009, ya sa mahaifinsa, wanda ya kusa shekara tamanin. Matsayin da ya ba shi na Evert Gullberg ne, tsohon shugaban wani ɓoyayyen sashe na 'yan sandan ciki, wanda ya fito daga ritaya don ya rufe bakin mai shaida da harsashi.

A garin Tomelilla, inda suka ɗauki fim ɗin Picasso, an buɗe wani gidan tarihi da sunan su biyun. Lokacin da aka buɗe shi, ɗan ƙaramin ɗaki ne ƙwarai, cike da aljihunan tebur da akwatuna waɗanda baƙo zai jawo da hannunsa ya ga hotuna da rubuce-rubuce, ko ya saurari Lindeman. A wancan zamani mutane kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, in an yi yawa sai saura su jira a waje.